Kafin Ruwan Shuka Ya Sauka

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta masu ɓoye littafi a ƙarƙashin hijabi. Kun saba jina da labarin Alhajin da ya hango budurwa a bakin titi ya taka birki, to yau sai ku yi mini haƙuri, babu mota a wannan labari, babu saurayi mai shadda da ƙamshin turare. Labarin katanga ne, ta ƙasa ma kuwa, wadda ke bayan ɗakin Innarmu a garinmu Kankiya. Kuma ni ce da kaina a ciki.

Gidanmu irin gidajen da kuka sani ne, zaure, ɗakuna uku a jere, madafi da rijiya a tsakar gida. Amma in kika zaga ta bayan ɗakin Inna za ki iske wani fili mai ɗan faɗi da muke kira garka. A nan turken awaki yake da akurkin kaji, makewayi yana can kusurwa, ga wata bishiyar bedi, wato darbejiya, da Babanmu ya dasa shekarar da aka haife ni. Sauran wurin na Inna ne, layin zogale, gindin lalle biyar, da damina kuma rama da yakuwa da kuɓewa, kabewa ta bi katanga ta haye. Tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa garkar nan ce ta riƙe mu. Kwaɗon zogalen Inna har daga wata unguwa ake zuwa saye, garin lalle kuwa duk bikin da za a yi sai an aiko. Da shi ake sayen sabulu, da shi ake ba Auta kuɗin tara, da shi aka biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare.

A daminar 2023, cikin watan Agusta, aka kwana ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inna dama tun ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ba ta iya barci in ana ruwan dare, sai dai ta zauna da carbi. Wajen asubahin fari muka ji wani irin rugugi, ƙasa ta girgiza, awaki suka ɗauki kuka. Da gari ya waye muka iske katangar baya ta kwanta tun daga kusurwa zuwa kusurwa, ta danne akurki da kaji huɗu, ta karya rabin zogalen. Allah ya taƙaita, don da rana ce da Auta tana gindinta tana wasan 'yar tsana.

Ke dai bari 'yar uwa, ban san darajar katanga ba sai da ta faɗi. Aka kakkafa zana da wasu tsofaffin kwanukan rufi, amma da hunturu ya shigo iska ta riƙa kwantar da su kullum. Awakin unguwa suka maida garkar Inna gonarsu. Wannan duk mai sauƙi ne. Lungu ne a bayanmu, mutane suna wucewa, makewayinmu kuwa ga shi nan zana ce kaɗai tsakaninsa da titi. Mu uku 'yan mata muka koma wanka tun da duhu cikin sanyin nan, ɗaya tana ciki ɗaya tana tsaye da zane a hannu tana kare ta. Ke da kike budurwa kin san abin da nake nufi, ba sai na faɗa ba.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumin 2024 sai ga Baffa daga Kusada, yayan Babanmu ne ciki ɗaya. Bayan an gaisa ya zaga garka ya daɗe a tsaye yana girgiza kai, sannan ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyarsu, wadda take zaune tare da mu tun Baba yana da rai. Ya sa aka kira Inna. Ni kuwa na laɓe a madafi kamar mai hura wuta, kunnena yana can.

Ya ce, "Iya, ni dai abin nan ya dame ni. Ɗiya mata uku a gida babu sutura, ga damina tana tahe. Mai gidan bayan nan ya same ni, shina son filin ya fidda shaguna. A saida mashi, shi zai ja bango na bulo a bayan ɗakuna, sauran kuɗin a aje ma yara na aure."

Gabana ya yanke ya faɗi. Inna ba ta ce uffan ba, kanta a sunkuye tana murza bakin zane, ka san ta da kunyar dangin miji. Kaka ce ta gyara zama ta ce, "Ai ba a raba gado ba tukuna. Ni uwar mamaci ina da sudusina a ciki, ita ma uwar ɗiya tana da tumuninta. Ni ban yarda ba."

"To Iya, da mi za a gina?"

Aka yi tsit, don babu mai amsar wannan. Can Kaka ta nisa ta ce, "A ba mu zuwa ruwan shuka. In ruwan shuka ya sauka katanga ba ta tashi ba, ka saida."

Kada ku ce Baffa mugu ne. Ni da hannuna na sha rubuta mugun baffa mai cinye dukiyar marayu, amma namu ba haka yake ba. Manomi ne mai iyali da yawa, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, ɗaci kawai gare ta. Sai dai shi shaguna da bulo ya hango, bai san cewa ranar da aka yanke garkar nan an yanke hannun Inna ba, ta koma sai abin da aka miƙo mata.

Daren nan ban runtsa ba, don akwai abin da nake ɓoyewa. Shekara biyu ke nan ina rubutu a waya bayan kowa ya kwanta, ina sayarwa ta WhatsApp, mai ɗari uku, mai ɗari biyar, ina tarawa. Inna ta sani, ita ce ma ta sa mini son abin, don a ƙasan adakarta akwai tsofaffin littattafan Bilkisu Funtuwa da Balaraba Ramat da ta saya tana amarya, a kansu na koyi karatun Hausa. Baffa kuwa ya sha faɗa a gabanmu cewa littattafan soyayya su suke lalata ɗiya mata. Kuɗin nan na tara su ne don in shiga makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Kankiya, kullum in na ga ɗalibanta da fararen kaya sai in ji kamar in bi su. Na yi kuka ya ishe ni, da asuba na je na durƙusa gaban Inna na faɗa mata. Ta ce, "Ke, riƙe kuɗinki, karatunki ya fi katanga." Na ce, "Inna makaranta tana nan ba ta gudu, fili kuwa in an saida shi ya tafi ke nan." Ta juyar da kai don kada in ga idonta.

Ana wata ga wata. Yayanmu, wanda yake yaron shago a Kano, da ya zo hutun ƙaramar Sallah, wadda ta kama ranar Laraba 10 ga Afrilu, ya ce shi sam ba za a yi ginin ƙasa a gidan ubansa ba, mutane su ce mun koma ƙauye, bulo za a sa. Muka zauna muka yi lissafi a bayan kwalin shayi. A farkon shekarar nan buhun siminti ya haura naira 10,000, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma kuɗin tifar yashi ya tashi, ga kuɗin bulo, ga na birkila. Duk abin da na tara ko rabin katangar ba zai kai ba. Yaya ya yi shiru, ido ya raina fata. Kaka tana jinmu tana goga goronta a magogi, ta ce, "Ku dai 'yan boko, ku kira man magini ku ji."

Wani dattijo ne abokin kakanmu marigayi, ya tsufa amma idonsa garau. Ya zaga kangon da sandarsa, ya ɗauki wani ɓallin siminti mai faɗin faranti da ya fita daga jikin tsohuwar katangar, ya juya shi ya nuna mana bayansa.

Ya ce, "Kun ga abin da ya kashe ta. Wa ya shafe ta da siminti?"

Na ce, "Baba, marigayi ne, ya ce don ta yi ƙarko."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa, alheri ya nufa. Amma 'yar nan, ƙasa da siminti ba su zama da juna. Siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar hita, ƙasa ta yi ta jiƙa daga ciki, ku kuna ganin waje sumul." Sannan ya kai mu wajen rariya ya tona da sanda, ashe ta daɗe da toshewa da leda da ganyen bedi, duk ruwan wanke-wankenmu da na sama gindin katangar yake kwanciya. Ya ce katangar ƙasa ta gindi take fara mutuwa, sannan ta ka. Kunya ta kama ni, don sharar rariyar nan aikina ce, kuma na fi shekara rabona da ita. Har yau ban faɗa wa Yaya ba, sai dai in a nan ya karanta.

Shawarar da ya yanke ita ce a yi harsashi da duwatsu, a ɗora layi biyu na bulo da siminti don laima, daga nan zuwa sama tubali, a gama da makuba. Buhu uku na siminti ya ishe mu. Yaya ya ɗan yi gunaguni, amma da ya ga akwai bulo ko da layi biyu ne sai ya haƙura.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Aka riƙa ɗebo jar ƙasa daga wajen gari a amalanken shanu, a zuba a tsakiyar garka, a zuba ruwa, a barbaɗa ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka tattake, a shiga da ƙafa a yi ta kwaɓawa, a bar ta ta kwana biyu uku ta tsumu, a sake juyawa. Magini ya ce ciyawar ce take hana ƙasa tsagewa in ta bushe. Bazara ce tsagwaronta, zafin da kan wuce digiri 40, rijiyarmu ta yi ƙasa har guga yana kwaso taɓo, dole muka koma sayen ruwan 'yan garuwa kura-kura, ruwa kaɗai ya ci mini kuɗin da ban yi zato ba. Abin dariya, Yayan nan mai ƙyamar ƙasa shi ya roƙi maigidansa ƙarin kwanaki, ya naɗe wando ya shiga kwaɓi don mu huta da biyan lebura ɗaya. Ƙanwata mai bi mini ta ɗauke shi hoto ta ce za ta tura wa budurwarsa, suka yi ta zagaye gidan.

Tubali da hannu ake dunƙula shi, gindi mai faɗi kai mai ɗan tsini, a jera a rana wajen mako biyu. Auta ta ɗora wa kanta aikin ƙirga su, ta kai 1,000 ta gaji. Ginin ma ba a yi masa gaggawa, a jera layi kan tubalin yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a yi 'yan layuka a bari ya sha iska, gobe a ɗora. Gindin mai kauri, tana tashi tana sirancewa. Ni kuwa kullum da la'asar idona yana gabas, don ta can hadarinmu yake tasowa.

Saura makuba. Da yawanku kun san daddawa amma ba ku san makuba ba, alhali uwarsu ɗaya, bishiyar ɗorawa. 'Ya'yanta da bazara suke nuna, a sha garin nan mai ruwan ɗorawa, kalwar a yi daddawa, ɓawon kuma a daka a jiƙa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, da shi ake kwaɓa ƙasar yaɓen ƙarshe, sai ruwan sama ya riƙa zamewa a jikin bango. A cikin gari muka nema muka rasa, sai da ni da Kaka muka hau mota zuwa wani ƙauye na danginta gaba da Kusada. Duk hanya tana nuna mini gonaki tana cewa nan da ɗorawa ce, nan ma ɗorawa ce, duk an sare an yi itace da gawayi. Wata tsohuwa mai daddawa ta tara mana buhu huɗu, ta ƙi karɓar ko kwabo, ta ce rabonta da ta ji wani ya nemi makuba har ta manta.

Katanga ta kai tsawonta, saura yaɓe, Yaya ya koma Kano. A daren wata Talata cikin watan Mayu muna kwance a tsakar gida saboda zafi, sai muka ji iska ta juya, sanyi ya bugo, ƙura ta turnuƙe, gabas ta yi baƙi ƙirin sai walƙiya. Kaka ta daka tsawa, "Ku tashi, ku rufe kan katanga!" Wallahi ban san muna da ƙarfi haka ba. Tabarmi, buhuna, ledar shimfiɗa, tsofaffin zanan nan, har da labulen ɗakin Inna. Ni ina kan turmi ina shimfiɗawa, ƙanwata tana miƙo duwatsu ina dannewa, Inna tana riƙe da ƙafata kada iska ta kwashe ni, Auta tana haska fitilar waya tana kuka, Kaka tana bakin ƙofa tana salati tana ba da umarni. Ruwan ya sauko da ƙarfi, ya yi kamar rabin sa'a ya ɗauke. Muka koma ɗaki jiƙe sharkaf babu mai magana, kowa da abin da ke ransa, in wannan shi ne ruwan shuka to an ci mu.

Da safe muka iske wuri guda kamar kamu biyu ya zabtare daga sama, sauran lafiya lau. Kafin azahar sai ga Baffa a kan babur. Ya dubi katanga sama da ƙasa, sannan ya tsuguna a tsakiyar garka ya tona ƙasa da hannu yadda manoma suke yi, bai kai tsawon yatsa ba ya iske busasshiya. Ya karkaɗe hannu ya ce, "Wannan na kashe ƙura ne, ba na shuka ba. Ku ƙarasa." Na ce muku ba mugu ba ne.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ya juyo fuskarsa a ɗaure ya ce, "Wa ya bada kuɗin aikin nan? Na tambayi yaron nan ya ce ba shi ba ne. Ina ɗiya mace ta samu kuɗi haka?" Na gane abin da yake zargi, jikina ya ɗauki rawa, na kasa buɗe baki. A ranar na fara jin Inna ta yi magana gaban Baffa da muryar da ta wuce raɗa. Ta ce, "Yaya, guminta ne. Littafi take rubutawa, a gabana take yi, da sanina. Ba ta taɓa karɓar ko sisin wani namiji ba."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce in kawo abin da nake rubutawa ya ji. Ke 'yar uwa, ki kwatanta kanki a durƙushe gaban baffanki kina laluben shafin da babu "masoyiyata" a ciki! Da ƙyar na samo wurin da wata uwa take yi wa 'yarta faɗa kan zaman gidan miji, na karanta murya tana sarƙewa, Kaka tana ta ƙunshe dariya. Da na gama ya ce, "To. Ki dai ji tsoron Allah cikin abin da kike zuba ma ɗiyan mutane a kai." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai yaba ba, har gobe kuma ba ya son sana'ar. Amma bayan mako guda sai ga yaronsa da buhunan taki da damin rassan zogale na dashe.

Aka gyara inda ya zabtare, aka yi yaɓen makuba, katanga ta fito ja jawur tana ɗan sheƙi. Magini ya sa wa rariya bututu, ya karkata ta zuwa wani rami a gindin zogale, ruwan da ya kashe tsohuwar katanga shi ya koma ban ruwa. Da ragowar ƙasa aka tada sabon akurki nesa da bango, aka kafa 'yar rumfa a bayan ɗakin Inna. Daɓen rumfar kuwa Kaka ta ce aikin mata ne, ba za a biya kowa ba. Ta aika gida-gida, matan unguwa suka cika garka da maɗabai, aka baza tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa ruwan makuba ana bugu a tare ana waƙa, aka sa ni a baki wai marubuciya ta auri katanga. Muka dafa musu shinkafa da wake da kunun tsamiya. Kaka tana kan kujera 'yar tsugune ta ce da ni, "Kishiya, yau dai kin yi abin kai, na yafe maki mijin na kwana biyu." Ruwan shuka ya same mu da katanga a tsaye, kafin babbar Sallah ta 16 ga Yuni har zogalen Baffa ya fara toho.

Daminar 2024 kun san yadda ta kasance, ruwa ya yi ɓarna a wurare da yawa na Arewa, har madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri a watan Satumba. Duk daren da aka yi ruwa ni da Inna sai mu zaga da fitila, ni in duba rariya ita ta shafa gindin bango. Ko gezau.

Makaranta kuwa ban shiga ba a waccan shekarar. Ranar da ƙawata ta zo nuna mini fararen kayanta na yi mata murna har da guɗa, tana fita na zaga garka na jingina da katangar na sha kukana, ba zan ɓoye muku ba. Na sake fara tari, littafi biyu na rubuta a ƙarƙashin rumfar nan.

Da bazarar 2025 ta zagayo muka kira magini don sabunta yaɓe, don makuba ba ta son a manta da ita. Ya gano wata 'yar tsaga siririya daura da bedin Baba, ya ce saiwa ce take turo harsashi, shawararsa a sare bishiyar. Inna tana tankaɗe a gindinta, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baba, a dai toshe tsagar. In ta sake buɗewa baɗi a sake toshewa."